Harshen Faransanci a Duniya: Matsayi, Aiki da Tasirin da Ya Ɗore

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci matsayin harshen Faransanci a duniya da tasirinsa a kan al'ummomin da ba Faransawa ba. Ta rarrabe abubuwa uku da aka saba cuɗa su wuri guda: matsayin da doka ta ba harshen, aikin da yake yi a zahiri, da ikon shata masa ƙa'ida. Nazarin ya nuna cewa hukumomi ne suka ɗaukaka Faransanci, wato kotu da makaranta da zauren yarjejeniya da maɗaba'a. Wani ɓangare na tasirinsa ya riga ya daskare a cikin dokoki da ma'aunai da kalmomin wasu harsuna. Ɗaya ɓangaren kuwa, na masu magana da shi, ya rataya ne yanzu a wuyan makarantun Afirka, alhali ikon ƙa'ida da na ɗab'i suna nan a Paris.

1.0 Gabatarwa

Waɗanda suka tashi da Faransanci a matsayin harshen uwa ba su kai miliyan 100 ba. Ta wannan ma'auni, Bengali da Fotugis da Rashanci da Jafananci duk suna gabansa. Amma a cikin waɗannan huɗu babu wanda ake yanke hukunci da shi a Kotun Duniya da ke Hague, babu kuma wanda yake harshen aiki a Sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya. Faransanci yana da wannan matsayi a wuraren biyu, tare da Ingilishi.

Manufar maƙalar ita ce bayyana wannan giɓi da ke tsakanin yawa da tasiri, da tantance wane ɓangare na tasirin ne ya zauna daram, wane ne kuma har yanzu yake jiran shawarar gwamnatoci da halin da makarantu ke ciki. Batun ya shafi mai nazarin Hausa kai tsaye. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta sa Hausa ta rayu a ƙarƙashin manufofin harshe guda biyu masu bambanci, don haka ƙasar Hausa na daga cikin wurare ƙalilan da za a iya kwatanta sakamakon manufofin a kan harshe ɗaya da jama'a ɗaya.

2.0 Waiwaye kan Ra'ayoyin Magabata

Ra'ayi mafi tsufa shi ne na masu ganin ɗaukakar Faransanci daga jikinsa take. A 1784 Cibiyar Ilimi ta Berlin ta ba Antoine de Rivarol kyauta kan maƙalarsa game da dalilin da ya sa Faransanci ya game duniya. Hujjarsa ita ce, jerin kalmomi a jimlar Faransanci, aikau sannan aikatau sannan karɓau, ya dace da yadda hankali ke tafiya, don haka harshen ya fi saura fayyace ma'ana. Kimiyyar harshe ba ta karɓi wannan hujja ba, domin jimlar Hausa da ta Yarabanci da ta Ingilishi duk haka suke jeruwa. Duk da haka ra'ayin bai mutu ba. Léopold Sédar Senghor ya farfaɗo da shi a ƙarni na 20, inda ya ɗauki Faransanci a matsayin harshen wayewar da 'yan Adam duka za su yi tarayya a cikinta. Littafin Marc Fumaroli na 2001 kan zamanin da Turai ke magana da Faransanci ya fi tsayawa a kan tarihi, amma begen wancan zamani ya rinjaye shi.

Ra'ayi na biyu na masu suka ne. Frantz Fanon ya buɗe littafinsa na 1952 da babi kan baƙar fata da harshe, yana nuna yadda ƙwarewa a Faransanci ta zama awon mutuncin ɗan mulkin mallaka. Cheikh Anta Diop, a 1954, ya fassara wasu sassan kimiyya zuwa Wolof don ya rusa da'awar cewa harsunan Afirka ba za su ɗauki ilimin zamani ba. Abdou Moumouni, masanin kimiyya ɗan Nijar wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya kawo hujja a 1964 cewa ilimi ba zai game jama'a ba muddin ana bayar da shi da baƙon harshe. Louis-Jean Calvet ya kira abin da mulkin mallaka ya yi cin harshe, a littafinsa na 1974, sannan Ngugi wa Thiong'o ya faɗaɗa sukar a 1986 har ta haɗa da Ingilishi. Ƙarfin wannan ra'ayi shi ne ya mayar da maganar ga iko. Rauninsa kuwa, ya kasa bayyana dalilin da ya sa Faransanci ya fi yaɗuwa a Afirka bayan 1960 fiye da yadda ya yaɗu a zamanin mulkin mallakar kansa.

Ra'ayi na uku yana duban harsuna a matsayin tsari. Pierre Bourdieu ya yi maganar kasuwar harshe, inda iya wani salon magana ke zama jari. Calvet a 1999 da Abram de Swaan a 2001 sun jera harsunan duniya hawa-hawa: Ingilishi a ƙoli, manyan harsuna kimanin goma sha biyu a ƙarƙashinsa, cikinsu har da Faransanci da Larabci da Swahili, sannan harsunan tsakiya, sannan na gefe. Pascale Casanova ta nuna a 1999 yadda Paris ta zama wurin da ake buga wa marubutan duniya hatimi. Robert Chaudenson kuma ya ƙirƙiro ma'aunin da ke raba abin da doka ta ce game da harshe da yadda jama'a ke amfani da shi. A kan wannan ra'ayi na uku aka ɗora maƙalar.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar nazarin rubutattun bayanai: dokoki da kundayen tsarin mulki, rahotannin Ƙungiyar Ƙasashe Masu Amfani da Faransanci, wato OIF, tarihin ɗab'i da na kyaututtukan adabi, da kalmomin aro a Hausar Nijar. An yi amfani da keɓaɓɓun kalmomi biyar. Matsayi shi ne abin da doka ta tanada. Aiki shi ne abin da ake yi da harshen a kotu da aji da ofis da kasuwa. Ikon ƙa'ida shi ne hurumin cewa wannan daidai ne, wancan kuskure. Daskararren tasiri shi ne wanda ya shige cikin wata al'ada har ba ya bukatar masu jin harshen kafin ya ci gaba, rayayyen tasiri kuwa sai an sabunta shi da kowane sabon ƙarni na masu koyo. Alƙaluman masu magana daga OIF suke, ƙungiyar da ke da ruwa da tsaki a girman adadin, saboda haka an karanta su tare da ma'anar da ta ba kalmar mai jin Faransanci.

4.0 Nazari

4.1 Gina Harshen a Cikin Gida

Rubutu mafi tsufa da ake lissafawa a tsohon Faransanci shi ne Rantsuwar Strasbourg ta shekarar 842, kuma takardar siyasa ce tsakanin jikokin Charlemagne. Daga nan tarihin harshen bai rabu da fada ba. A 1539 Sarki François na Ɗaya ya zartar da dokar Villers-Cotterêts, wadda ta kori Latin daga takardun shari'a da na mulki. A 1635 Kadinal Richelieu ya kafa Académie française mai kujeru 40, ta fitar da ƙamusunta na farko a 1694.

Abin lura shi ne, duk wannan bai sa talakawan Faransa sun ji Faransanci ba. Rahoton da Abbé Grégoire ya gabatar wa majalisar juyin juya hali a 1794 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 3 ne kawai ke magana da shi yadda ya kamata, a ƙasar da jama'arta suka haura miliyan 25. Saura da Breton da Occitan da Basque da Alsatian da sauran kare-karen harshe suke rayuwa. A daidai lokacin da attajiran Berlin da na Saint Petersburg ke hira da Faransanci, manomin kudancin Faransa sai da tafinta. Makarantar firamare ta kyauta kuma ta dole, wadda dokokin Jules Ferry na 1881 da 1882 suka kafa, ita ce ta kammala aikin, tare da aikin soja da jirgin ƙasa. A waɗannan makarantu aka yi amfani da horon da ake kira "symbole": a rataya wa yaron da ya yi magana da harshen gidansu wani abu na wulaƙanci, ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani yaron da laifi iri ɗaya. Dabarar da aka kai Afirka daga baya, a kan 'ya'yan Faransa aka fara gwada ta.

Wannan aƙida ta ƙasa ɗaya, harshe ɗaya tana nan. A 1992 aka rubuta a kundin tsarin mulki cewa harshen Jamhuriya shi ne Faransanci, a 1994 kuma dokar Toubon ta wajabta shi a talla da kwangilar aiki da bayanin kayan sayarwa.

4.2 Harshen Yarjejeniya

Yarjejeniyar Rastatt ta 1714 ce ake ɗauka ta farko da manyan ƙasashen Turai suka rubuta da Faransanci a madadin Latin. Kimanin shekara ɗari bayan haka, a taron Vienna na 1815, da Faransanci aka rubuta takardar ƙarshe duk da cewa Faransa ce aka ci da yaƙi. Wannan yana nuna cewa harshen ya riga ya zama kayan aikin jakadu, ya fita daga hannun ƙasarsa. Sarki Frederick na Prussia da shi yake rubuta littattafansa, masu sarautar Rasha da shi suke renon 'ya'yansu, abin da ya sa Tolstoy ya saka dogayen hirarraki na Faransanci a babban ƙagaggen labarinsa na yaƙin Napoleon.

Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta kawo ƙarshen kaɗaicin. Shugaban Amurka Woodrow Wilson da Firayim Ministan Birtaniya Lloyd George sun sa an rubuta ta da harsuna biyu masu ƙarfi ɗaya. Bayan 1945 nauyin tattalin arziki da na soja ya koma Amurka, Ingilishi ya bi shi.

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Faransanci na cikin harsunan hukuma shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Shi ne harshen hukuma na Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya da aka kafa a Bern a 1874. Alƙalan Kotun Tarayyar Turai da ke Luxembourg da shi suke shawara a tsakaninsu. Idan nassin Ingilishi da na Faransanci suka saɓa a kundin wasannin Olamfik, na Faransanci ake bi. Ana aiki da shi a Tarayyar Afirka da ECOWAS. Sai dai yawancin wannan matsayi ne, aiki kuwa ya ja baya. A Hukumar Tarayyar Turai, inda a da Faransanci ya fi rinjaye, akasarin takardu da Ingilishi ake fara rubuta su yanzu. A fagen kimiyya, Cibiyar Pasteur ta sauya sunayen mujallunta zuwa Ingilishi a 1989, kuma a 2013 Faransa ta sassauta doka don jami'o'inta su koyar da wasu darussa da Ingilishi.

4.3 Daskararren Tasiri

Mafi ɗorewar tasirin Faransanci shi ne wanda masu cin moriyarsa ba su san daga gare shi ya fito ba. Bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya yi kusan ƙarni uku yana harshen fada da kotu a can, har masana ke ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na kalmomin Ingilishi daga gare shi suke, musamman na shari'a da mulki da soja. Ke nan wasu kalmomin da Hausar Najeriya ta ara daga Ingilishi, irin su gwamna da kotu da soja, asalinsu ta Faransanci suka biyo. Turkanci da Farisanci su ma sun ari kalmomi masu yawa a ƙarni na 19 da na 20.

Kundin dokokin mu'amala na Napoleon, na 1804, ya zama madubi ga Beljiyam da ƙasashen Latin Amurka da Quebec da jihar Louisiana. A Masar, Abdurrazaƙ al-Sanhuri ya haɗa tsarinsa da fiƙihun Musulunci a kundin da ya fara aiki a 1949, daga nan ya yaɗu zuwa Siriya da Libiya da wasu ƙasashen Larabawa. Da Larabci ake karanta waɗannan dokoki, amma ginshiƙinsu na Faransa ne. A Afirka, yarjejeniyar OHADA ta 1993 ta haɗa dokokin kasuwanci na ƙasashe 17, cikinsu har da Nijar da Chadi da Kamaru, da kotun ƙoli a Abidjan. Mita da lita da kilo kuwa, waɗanda juyin juya halin Faransa ya haifar kuma yarjejeniyar 1875 ta mayar na duniya, ba mai tunanin Faransa idan yana awo da su.

Biyetnam ce ta fi nuna bambancin nau'o'in tasirin biyu. Ta karɓi baƙuncin taron ƙolin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Hanoi a 1997, amma masu jin harshen a cikinta tsiraru ne ƙwarai, domin makaranta ta daina samar da su bayan tafiyar Faransa. Kalmomin aro da gine-gine da burodi sun saura, masu magana kuwa sun kusa ƙarewa a cikin zuriya biyu.

4.4 Makarantar Mulkin Mallaka da Ƙasar Hausa

Manufar Faransa a Afirka ita ce koyarwa da Faransanci zalla tun daga ajin farko, kuma taron Brazzaville na 1944 ya jaddada haka, ya hana amfani da harsunan gida a aji. Makarantun ba su da yawa, burinsu samar da akawu da tafinta da malamai. Ƙololuwarsu ita ce makarantar William Ponty a Sanagal, wadda Félix Houphouët-Boigny da Modibo Keïta da Hamani Diori da Boubou Hama suka fito daga cikinta. Lokacin da Nijar ta sami 'yanci a 1960, yaran da ke makarantar boko ba su kai kashi 5 cikin ɗari na waɗanda suka isa shiga ba. Gwamnatocin 'yanci ne suka yaɗa Faransanci da suka buɗe makarantu a ƙauyuka, kuma wannan shi ne amsar tambayar da ra'ayin masu suka ya bari a buɗe.

A kudancin iyaka abin ya sha bamban. Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909, da Hausa ake koyarwa. Hukumar Fassara ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, a 1939 kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ba don ƙaunar Hausa Ingila ta yi haka ba. Mulki ta hannun sarakuna ya bukaci harshen da ba shi da tsada, kuma taƙaita Ingilishi ya jinkirta shigar 'yan Arewa manyan makarantu da aikin gwamnatin tarayya, abin da aka daɗe ana biyan kuɗinsa. Amma sakamakon ga harshen a bayyane yake: Hausar boko ta sami maɗaba'a da jarida da masu karatu, har ta kai ga adabin kasuwar Kano da finafinai.

A Nijar kuwa, marubucin da ya yi makarantar boko da Faransanci yake rubutu. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin Sarauniyar Lugu, wadda ta yi wa rundunar Voulet da Chanoine turjiya a 1899, da Faransanci, aka buga shi a Paris a 1980. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1987. Ta wannan hanya duniya ta san Sarauniya, amma jikokin mutanen da ta jagoranta, waɗanda yawancinsu ba su jin Faransanci, ba su ne masu karanta littafin ba. Misalin ya ƙunshi amfanin harshen da hasararsa a lokaci guda.

A bakin jama'a, tasirin ya bi hanyar aro da Hausantarwa. Hausar Maraɗi da Damagaram da Tawa na cewa lakwal da mushe da kamiyo da bik da duwan, inda Hausar Kano ke da makaranta da malam ko ticha da babbar mota da biro da kwastan. A lakwal, mafayyacin Faransanci ya manne da suna ya zama gaɓar farko ta kalmar, kamar yadda na Larabci ya yi a alƙali da littafi. Kalmomin sun taru ne a fagen mulki da makaranta da sufuri da kayan zamani, ba su taɓa nahawun Hausa ba. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi da Hausa yake ciniki a ɓangarorin biyu, takardar kan iyaka ce kawai ke sauya harshe.

4.5 Adabi da Ikon Ƙa'ida

René Maran ya ci kyautar adabi ta Goncourt a 1921, baƙar fata na farko da ya yi haka. Shekara ɗari cif bayan nan, a 2021, Mohamed Mbougar Sarr na Sanagal ya ci ta. Tsakanin waɗannan shekaru biyu an yi mujallar Présence Africaine da Alioune Diop ya kafa a 1947, da taron marubuta baƙaƙen fata a Sorbonne a 1956, da Aimé Césaire, da Kateb Yacine na Aljeriya wanda ya ɗauki Faransanci a matsayin ganimar yaƙi. Ba za a iya rubuta tarihin adabin Faransanci na ƙarni na 20 ba tare da su ba.

Amma ƙofar shiga ɗaya ce. Maɗaba'un Paris sun ƙi karɓar ƙagaggen labarin Ahmadou Kourouma na farko, wanda ya lanƙwasa jimlar Faransanci ta bi tafiyar Malinke. A Montreal aka fara buga shi a 1968, sai a 1970 kamfanin Seuil ya ɗauke shi. A 2007 marubuta 44 suka sa hannu a wata sanarwa a jaridar Le Monde suna ƙin rabon da ake yi tsakanin adabin Faransa da adabin masu amfani da Faransanci, rabon da ke ajiye na biyu a gefe. Kwatanci da sauran harsunan Turai yana da amfani a nan. Ingilishi yana da New York ban da Landan, Fotugis yana da Brazil, Sifananci yana da Mexico da Buenos Aires. A cikin waɗannan huɗu, Faransanci ne kaɗai harshen da tsohuwar uwargijiyarsa ta ci gaba da zama mafi arziki da mafi yawan masu jin sa a matsayin harshen uwa, don haka ikon ƙa'ida bai rarrabu ba.

Ana ganin sassauci. Senghor ya shiga Académie française a 1983, Assia Djebar a 2005, kuma tun 2023 Amin Maalouf, haifaffen Labanan, ke riƙe da kujerar sakatarenta na dindindin. Daga ƙasa ma ana turowa: salon maganar nouchi na titunan Abidjan ya ba ƙamusoshin Faransa kalmomi, kuma Aya Nakamura, haifaffiyar Bamako, wadda ake yawan sukar Faransancinta, ita ta yi waƙa a gaban ginin Académie ɗin a bikin buɗe Olamfik na 2024. Sai dai shigar mutane ɗaiɗai ba ta sauya inda maɗaba'u da kyaututtuka da masu rarraba littattafai suke ba.

4.6 Karanta Alƙaluma

Rahoton OIF na 2022 ya ce masu jin Faransanci miliyan 321 ne, kuma fiye da rabin masu amfani da shi kullum a Afirka suke. Hasashen ƙungiyar mafi girma na kai adadin sama da miliyan 700 a rabin ƙarshe na wannan ƙarni, bisa sharaɗin cewa ƙasashen Afirka za su ci gaba da koyarwa da shi kuma makarantun za su yi inganci. Sau da yawa ana ambaton adadin a manta da sharaɗin.

Afirkar ma iri biyu ce. A Abidjan da Libreville da Yaounde, inda babu harshen gida ɗaya da ya game kowa, Faransanci ya sauka titi, yara da yawa da shi suke fara magana. A Bamako da Dakar da Yamai kuwa, Bambara da Wolof da Hausa da Zabarmanci sun riga sun cika wannan gurbi. A Kinshasa, wadda ake yawan kira birni mafi girma mai amfani da Faransanci, Lingala ke riƙe da kasuwa da waƙa. A Nijar masu jin Faransanci ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba a lissafin OIF kanta. A rukunin farko harshen na gadon kansa daga uwa zuwa ɗa. A na biyu makaranta ce kaɗai ke haifar da shi, saboda haka a nan ne shawarar gwamnati ke iya taɓa shi.

4.7 Sauyin Matsayi a Sahel

A Yamai aka kafa hukumar da ta zama OIF, ranar 20 ga Maris 1970, da sa hannun ƙasashe da gwamnatoci 21, kuma shugabannin da suka matsa a yi ta ba Faransawa ba ne: Senghor da Diori da Habib Bourguiba da Norodom Sihanouk. Yamai ta kuma karɓi wasannin ƙungiyar a 2005. A Maris 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu. Kafin nan kundin tsarin mulkin Mali na 2023 ya ɗaga harsunan gida 13 zuwa na hukuma ya mayar da Faransanci harshen aiki, Burkina Faso ta bi sahu, sannan kundin sake gina ƙasa na Nijar na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ruwanda ta riga ta mayar da koyarwa zuwa Ingilishi a 2008, Aljeriya ta shigar da Ingilishi firamare a 2022.

Najeriya ta gwada akasin haka. A 1996 Janar Sani Abacha ya bayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, aka rubuta shi a manufar ilimi ta ƙasa, ga kuma Ƙauyen Koyon Faransanci da ke Badagry tun 1991. Duk da ƙasar na kewaye da Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, babu kotu ko majalisa da ke zama da shi, domin ba a samar da isassun malamai ba kuma babu aikin da ya wajabta shi. Sanarwa ba ta ba harshe aiki a Najeriya ba, kuma babu dalilin zaton sanarwa kaɗai za ta raba shi da aiki a Sahel. Kundin Nijar na 2025 kansa da Faransanci aka rubuta shi, haka hukunce-hukuncen kotuna da jarrabawar ƙarshen sakandare da dokokin OHADA.

Nijar ba daga fako za ta fara ba. Ta buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, kuma a Yamai aka yi taron daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa a 1980. Akwai haɗari guda da ya cancanci a faɗe shi a fili: idan aka ɗora Hausa a kan Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci bisa aƙidar ƙasa ɗaya, harshe ɗaya, an kori Faransanci ke nan an riƙe tunanin Grégoire, wanda shi ma daskararren tasiri ne na Faransa.

Aikin da ya fi nauyi na keɓaɓɓun kalmomi ne. Jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato sun shafe shekaru suna ƙirƙirar su, ga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, kuma Nijar za ta amfana da wannan a fannin nahawu da lissafi da kiwon lafiya. A fannin shari'a da mulki kuwa aron ba zai wadatar ba, domin kalmomin Najeriya an auna su ne da Ingilishi da tsarin shari'ar Ingila, alhali dokar kwangila da ta kamfani da tsarin kotunan Nijar a kan kundin 1804 da OHADA suka ginu. Masanan da za su rubuta wannan Hausar shari'a dole su kasance sun ƙware a Faransancin shari'a, kuma dole su zauna da takwarorinsu na kudancin iyaka, in ba haka ba Hausar kotun Maraɗi da ta kotun Katsina za su rabu a rubuce fiye da yadda suka taɓa rabuwa a baki.